Yadda makaho zai yi yawo cikin fayil ɗin rubutu a na'urar karatu ta aljihu

Mai ido idan ya ɗauki littafi ba kullum yake bin sa daga bango zuwa bango ba. Yakan buɗe tsakiya ya leƙa, ya koma baya ya duba wani suna da ya shige masa duhu, ya sa yatsa a wani shafi ya tafi wani. Wannan 'yancin kai-komo shi ne rabin karatu. Abin da ke damuna shi ne yawan masu lalurar gani da ke da na'urar karatu a aljihu, mai karanta musu rubutu da murya, amma maɓalli ɗaya kawai suka sani, na kunnawa da tsayarwa. Idan barci ya sace su, ko malami ya ce a koma babi na huɗu, shi ke nan, sai a fara laluben wuri ta hanyar danne maɓallin gudu har yatsa ya gaji. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya zauna ya nuna musu. Na'urar tana iya fin haka nesa ba kusa ba.

Na'urorin suna da yawa. Akwai Victor Reader Stream ta kamfanin HumanWare na Kanada, wadda ta fara fitowa a 2007, samfuri na biyu a 2013, na uku a 2023. Akwai Plextalk Pocket daga Japan, BookSense daga Koriya ta Kudu, Book Port Plus daga Amurka, da Milestone daga Suwizalan. Zan yi misali da Stream samfuri na biyu, domin tsarin lambobinta yana da sauƙin bayani. Mai wata na'urar daban zai tarar maɓallan sun sauya wuri, amma dabarar ɗaya ce: ka zaɓi girman takunka, sannan ka yi takun.

Da farko, san irin fayil ɗin da ke hannunka

Kafin ka zargi na'ura, tambayi fayil ɗin. Ƙarshen sunansa ne ke faɗa maka irin tafiyar da za ka iya yi a cikinsa.

Fayil mai ƙarewa da txt rubutu ne zalla. Babu kanun babi, babu lambar shafi, babu komai sai haruffa da wuraren da aka yanke layi. Ko da marubucin ya rubuta "Babi na Uku" da manyan baƙaƙe, a wurin na'ura wannan layi ne kamar kowane layi. Fayil mai html ko docx kuwa yana iya ɗauke da kanun gaskiya, waɗanda na'ura ke ganewa ta yi tsalle daga wannan zuwa wancan, amma fa sai idan wanda ya shirya shi ya sa su ta hanyar da ta dace. Na brf rubutun makafi ne na Braille da aka tanada don injin bugawa ko allon ɗigo, na'urar ce ke mayar da shi kalmomi ta karanta. Littattafan DAISY da EPUB su ne sarakunan tsari. DAISY, wanda ƙungiyarsa ta kafu a 1996, don makafi aka yi shi tun asali, yana da kanu har hawa shida da lambobin shafi daidai da na littafin takarda. Idan kana da zaɓi tsakanin txt da EPUB na littafi ɗaya, ɗauki EPUB ba tare da wani dogon tunani ba.

Sai dai mafi yawan abin da ke zuwa hannun ɗalibi ko ma'aikaci ba DAISY ba ne. Takardar darasi ce, rahoton taro ne, wasiƙa ce. Shi ya sa na fi tsayawa a kan rubutu zalla, inda wahalar take.

Sa fayil a inda za a same shi

Stream tana karanta katin ajiya na SD, kuma da zarar ka sa mata sabon kati takan ƙirƙiri foldodinta da kanta, kowace da alamar dala a farkon suna. Fayilolin rubutu gidansu shi ne $VRTextFiles. DAISY da EPUB kuwa $VRDTB suke shiga. Wanda ya jefa fayil a bakin kati, waje da waɗannan foldodi, zai neme shi ya rasa, ya ɗauka ya ɓace.

Cikin $VRTextFiles kana iya buɗe foldodi naka, kowane darasi ko aiki da tasa. Ka raɗa wa fayil suna gajere wanda kunne zai kama da wuri, kuma abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa ya zo a farko. Idan fayiloli goma duk sun fara da kalmomi biyar iri ɗaya, sai ka saurari kalmomin nan sau goma kafin ka kai ga wanda kake nema. Idan kana son su jeru bi da bi, fara da 01, 02, 03, har 10. Sifilin nan na gaba shi ke hana 10 ta tsallako ta zauna kusa da 1. Sannan ka cire katin daga kwamfuta ta hanyar da ta dace, kada ka fizge shi ana cikin kwafi.

Bari yatsa ya san gidansa

Lambobin a jere suke kamar na tsohuwar waya, 1 zuwa 9, sannan tauraro, sifili da alamar # a layin ƙasa. Lamba 5 tana da ɗan tudu, nan ne masaukin babban yatsa. Huɗun da ke kewaye da ita su ne ƙafafunka: 2 a sama, 8 a ƙasa, 4 a hagu, 6 a dama. Tauraro na soke abu, # na tabbatar da shi. Sama da lamba 1 akwai maɓallin "je ka wuri kaza", sama da 3 kuma na alama. A can ƙasa akwai na komawa baya, na kunnawa a tsakiya, da na gudu gaba, da na barci a samansu.

Idan ka danne sifili ka riƙe, na'urar za ta shiga yanayin bayanin maɓallai, duk wanda ka taɓa ta faɗi aikinsa ba tare da ta aikata ba. Ka ba wannan minti goma a ranar farko, zai rage maka wahalar makonni. Ka sake danne shi ka riƙe don fita. Danne 1 a riƙe kuma yana buɗe littafin jagoran na'urar.

Don buɗe fayil, yi ta danna 1 har ka ji ta ambaci kantar fayilolin rubutu. Da 4 da 6 kake wucewa daga fayil zuwa fayil, da 2 da 8 kake zaɓar ko folda-folda za ka bi ko fayil-fayil. Ka ji wanda kake so, danna na kunnawa. Ka yi hattara da 3 a nan, don ta nan ake goge fayil. Tana tambaya kafin ta goge, amma yatsan da ya saba da danna # cikin sauri ba ya jiran tambaya.

Girman taku

Nan ne zuciyar al'amarin. Cikin fayil, 2 da 8 ba sa motsa ka ko kaɗan. Aikinsu kawai su canza girman takun da 4 da 6 za su yi. Mutane da yawa a nan suke rikicewa: su danna 8, su ji na'ura ta faɗi wata kalma, karatu bai matsa ba, su ce ta lalace. Ba ta lalace ba, tambayarka take yi, da wane ma'auni za mu tafi?

Yi ta danna 8 kana saurare. A fayil mai kanu za ka fara jin hawa na 1, na 2, na 3, gwargwadon abin da fayil ɗin ke da shi. Hawa na 1 yawanci manyan babi ne, na 2 sassan da ke cikin babi. Bayan su sai ma'aunan da kowane rubutu ke da su: allo, wanda yanki ne babba na layuka da yawa, sai sakin layi, layi, jimla, kalma, harrufawa, da harafi ɗai-ɗai. Idan ka zagaya jerin duka ba ka ji an ambaci hawa ba, fayil ɗin ba shi da kanu, kada ka ɓata lokacin nema.

Kowane ma'auni da ranarsa. Sakin layi shi ne na leƙe: danna 6, saurari kalmomi biyar ko shida na farko, idan ba nan ba ne sake danna 6. Haka mai ido ke yi da idonsa, kuma da sabo za ka ratsa rahoto mai shafi ashirin cikin 'yan mintoci ka san abin da ke ciki. Jimla kuwa ita ce ma'aunin da nake ba kowa shawara ya bar na'urarsa a kai yayin karatun nutsuwa. Hankali ya ɗan gushe, ko wani ya yi maka magana, danna 4 sau ɗaya ko biyu ka dawo kan zaren maganar. Ya fi maɓallin komawa baya, domin shi yana iya sauke ka a tsakiyar zance, ita kuwa a farkon jimla take ajiye ka.

Layi yana da amfani a waƙa, jerin sunaye, adireshi, ko lissafin kaya, duk inda kowane layi ke cin gashin kansa. A zube kuwa sau da yawa ba ya da ma'ana, don ana yanke layi ne inda faɗin shafi ya ƙare, ba inda magana ta ƙare ba.

Kalma da harrufawa su ne nake so ɗalibai su riƙe da hannu biyu. Wanda duk karatunsa da kunne ne yana iya sanin kalma shekara da shekaru bai taɓa sanin yadda ake rubuta ta ba, sai ranar jarrabawa ko ranar rubuta takardar neman aiki abin ya fito fili. A ma'aunin harrufawa, duk danna 6 na'urar za ta faɗi kalma sannan ta jero haruffanta. Ka ji sabon suna, ko kalmar kimiyya, ko lambar da muryar ta haɗiye, tsaya, sauka zuwa harrufawa, ji ta sau biyu, sannan ka hau ka ci gaba. Ma'aunin harafi kuma shi ke nuna maka waƙafi, aya da sauran alamomin da murya ba ta furtawa, abin da ake bukata wajen adireshin imel ko lambar asusu.

Kuskure ɗaya kowa na yin sa. Ka manta kana kan hawa na 1, ka danna 4 da nufin maimaita jimla, sai ka tsinci kanka a farkon babi. Kada ka firgita, kada kuma ka yi ta danne-danne. Danna tauraro cikin daƙiƙa 10, za ta mayar da kai inda ka baro.

Tsalle mai nisa a fayil marar kanu

To idan txt ne mai tsawon littafi guda, babu babi, babu shafi? Hanya biyu ce.

Ta farko kaso cikin ɗari. Danna maɓallin "je ka wuri kaza" har ka ji zaɓin kaso, rubuta lamba daga 0 zuwa 100, danna #. Lamba 5 kuma a kowane lokaci tana faɗa maka kason da kake kai. Da waɗannan biyu ana iya farautar wuri ta hanyar rabawa biyu. A ce kana neman babi na 7 a littafi mai babi 12. Je ka kaso 50, saurara kaɗan. Idan ka ga ba ka kai ba, je ka 75. Idan ka wuce, dawo 62. Kowane tsalle yana yanke rabin abin da ya rage, saboda haka tsalle shida ko bakwai sun isa su kai ka kusa ƙwarai, daga nan sai ka ƙarasa da sakin layi. Ka tuna kawai, a littafi mai shafi 500 kaso ɗaya shafi biyar ne, don haka kaso unguwa yake kai ka, ba ƙofar gida ba.

Ta biyu bincike, kuma ita ta fi daidai. A maɓallin "je ka wuri kaza" dai, ci gaba da dannawa har ka ji neman rubutu. Ana rubuta kalmar ne kamar yadda ake rubuta saƙo a tsohuwar waya: 2 na ɗauke da a, b, c, 3 na da d, e, f, haka har 9. Don samun s sai ka danna 7 sau huɗu. Maɓallin komawa baya na goge harafin ƙarshe, na gudu gaba na karanta maka abin da ka rubuta. Danna #, ta kai ka wuri na farko da kalmar ta fito. Daga nan bincike ya zama shi ma ma'aunin taku ne: 6 na kai ka fitowa ta gaba, 4 ta baya.

A nan dabara take. Idan kowane babi ya fara da kalmar "Babi", to nemo "babi" ya ba ka abin da fayil ɗin ya hana ka, wato tsalle daga babi zuwa babi. A takardar tambayoyi nemi "tambaya". A rahoton taro nemi sunan mai magana. Kada ka wahalar da yatsa da doguwar kalma, zaɓi mafi ƙarancin haruffan da ba za su yi ta fitowa barkatai ba. Kalmar da ke kowane layi ba ta kai ka ko'ina.

Alama

Na'urar na tuna inda ka tsaya a kowane fayil, amma wuri ɗaya tak take tunawa, na ƙarshe. Duk wani wuri da kake son komawa, sai ka sa masa alama. Danna maɓallin alama sau biyu, sannan #, za ta ba alamar lamba da kanta. Kana iya rubuta lambar da kake so kafin ka tabbatar, kuma a ganina wannan ya fi: sa 100 a farkon babi na 1, 200 a na 2, sannan abin da ke cikin babi na 2 ya zama 201, 202, 203. Lambar kanta ta faɗa maka inda take. Don komawa, danna maɓallin sau ɗaya, rubuta lambar, tabbatar. Dannawa uku na fara alamar da ke kama yanki guda daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kamar jan layi a ƙarƙashin rubutu, huɗu na kawo jerin alamomin, biyar na cirewa. Haka kuma ana iya haɗa alama da 'yar magana da muryarka ta maɓallin naɗa da ke gefen dama, ka ce "wannan ma'anar za ta fito a jarrabawa". Bayan wata uku, alama mai murya ta fi alama ta 14 da ba ka tuna dalilinta.

Mai karatu a kan gado ya yi abu biyu kafin ya kwanta: ya sa alama, ya danna maɓallin barci ya zaɓi minti 15, 30, 45 ko 60. Da safe abin da zai laluba bai wuce tsakanin alamar da inda na'ura ta mutu ba. Kafin a jefa ta aljihu kuma, a danne tauraro a riƙe don kulle maɓallai. Ana buɗewa da danna 1, 2, 3 a jere.

Gyara daga tushe

Tun ran gini tun ran zane. Duk dabarun da na lissafo na rage zafi ne kawai, maganin gaskiya yana kan kwamfuta kafin fayil ya shiga kati. Makaho na iya yin wannan da kansa da manhajar karanta allo irin NVDA, wadda kyauta ce, ko JAWS. Malami, ɗan'uwa ko abokin aiki da ke shirya wa makaho takardu, wannan sashen nasa ne musamman.

A Word, ƙara wa layi girma da kauri ba ya mayar da shi kai. Ido ne kawai ke ganin hakan. Sa alamar rubutu a kan layin ka danna Ctrl, Alt da 1 tare don babban kai, da 2 don na ƙarƙashinsa, da 3 don na ƙasa da shi. Adana fayil ɗin a matsayin docx ko html. Aikin minti biyar ne a takarda mai shafi talatin, amma shi ke raba mai tsalle zuwa babi na huɗu da danna uku da mai lalube na rabin sa'a.

Idan dole ne ya zauna a txt, dasa masa alamar bincike da kanka. Rubuta wasu haruffa da ba sa haɗuwa a kalma, kamar qq, a farkon kowane babi. Nemo qq a na'ura sau ɗaya, ka samu hanyar babi-babi.

Sai matsalar karyayyun layuka. Rubutun da aka kwafo daga PDF ko imel, da littattafan txt na Project Gutenberg, taskar littattafai ta kyauta a intanet, galibi an yanke kowane layinsu a wajen harafi 70. Sakamakon haka murya na iya tsayawa a tsakiyar jimla kamar mai sarƙewa, ko na'ura ta ɗauki kowane layi a matsayin sakin layi. Gyaran mataki uku ne a Word, da Ctrl da H, masu buɗe akwatin nema da musanyawa, inda ^p ke nufin wurin da aka yanke layi. Da fari musanya ^p^p da wata alama da babu ita a rubutun, kamar @@@, don ka adana iyakokin sakin layi na gaskiya. Sannan musanya ^p da sarari guda. A ƙarshe musanya @@@ da ^p^p. Kada ka yi wa waƙa ko jerin sunaye wannan, za ka narkar da su su zama dunƙule ɗaya.

Idan ka ji murya na faɗin wasu alamomi marasa kan gado a inda ya kamata a ji harafi mai lanƙwasa ko mai ɗigo, irin ƙ, ɗ ko é, tsarin adana haruffan ne bai dace ba. Buɗe fayil ɗin a Notepad, zaɓi adanawa da sabon suna, a wurin zaɓin tsarin haruffa ɗauki UTF-8. Idan kuwa kalmomin daidai suke amma furucin ne ya karkace, duba ko muryar da ke aiki ta harshen rubutun ce. Fayil ɗin brf da ke fitowa shirme kuma yawanci alama ce cewa teburin Braille da aka zaɓa a tsare-tsaren na'ura, ƙarƙashin lamba 7, ba na harshen da aka rubuta shi ba ne. PDF da aka yi da hoton shafi ba rubutu ba ne sam, sai an bi da shi ta manhajar da ke gane haruffa daga hoto, a kuma duba kurakuranta, musamman a lambobi.

Jadawali ya fi komai wahala a kunne, domin na'ura na zubo shi ɗaki bayan ɗaki ba tare da ta tuna maka kan ginshiƙi ba. Idan ƙarami ne, warware shi ya zama jimloli, kowane layi ya faɗi sunan abu da adadinsa. Ka cire kan shafi da ke maimaita kansa a kowane shafi, amma ka bar lambobin shafi, kowace a layinta da kalmar "shafi" a gabanta. Ranar da malami ya ce a buɗe shafi na 86, ɗalibin zai rubuta "shafi 86" a bincike ya isa tare da kowa.

Ka gama duk wannan gyara kafin ka fara sa alamomi, domin ƙari ko ragi a rubutu na iya gusar da su daga inda ka dasa su. Da ka sa fayil ɗin a kati, buɗe shi nan take, zagaya jerin ma'aunai da 8 ka ji ko hawa-hawan sun bayyana, yi tsalle uku da 6, je ka kaso 95 ka tabbatar ƙarshen rubutun ya shigo. Idan wani abu ya ƙi, kwamfutar tana kunne a gabanka, koma ka gyara.